Yoga: Ɗan Gyaran Da Ke Raba Miƙewa Da Ciwo

Mata da yawa daga wayar hannu suka fara sanin yoga. An ga bidiyo a YouTube ko Instagram, wata mata tana lanƙwasa jiki kamar ba ta da ƙashi, ana cewa abin yana sauƙaƙa ciwon baya kuma yana sa barci mai daɗi. Sai uwargida ta jira yara su tafi makaranta, ta shimfiɗa tabarma a falo, ta jingina waya da ƙafar kujera, ta shiga kwaikwayo. Bayan kwana biyu ko uku, bayan da ake nema wa sauƙi ya ƙara riƙewa, wuyan hannu ya kama zogi. Daga nan sai a naɗe tabarma a ce wannan abu ba namu ba ne.

Sau da yawa laifin yana cikin abin da bai wuce faɗin yatsa biyu ba: gwiwar da aka sandare, haɓar da aka ɗaga sama, tafin hannun da aka jibge wa nauyi a gefe guda. Bidiyo yana nuna siffar da jiki ya yi daga waje, amma ba ya nuna inda nauyi ya sauka, ko wace tsoka ce ke aiki. Mata biyu za su yi motsi iri ɗaya, a hoto ba ki iya raba su, amma ɗaya tana jin cinyarta na miƙewa da daɗi, ɗayar kuwa ƙashin bayanta ne ke shan wahala.

Uwa ba ta da ranar hutun ciwon baya. Idan baya ya riƙe, goyo yana nan, girki yana nan, wanki yana jira. Don haka ya kamata duk mai son gwada yoga ta san waɗannan ƙananan gyare-gyare tun kafin ta fara.

Daga ina wannan kula ta samo asali?

Yoga daga Indiya ya fito, kuma tsohon abu ne ƙwarai a can. Kowane yanayin tsayuwa, zama ko kwanciya da ake yi a cikinsa ana kiransa asana, kalmar da asalinta a harshen Sanskirit take nufin zama. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga watan Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, aka fara bikinta a 2015.

Mutumin da ya fi shahara da kula da daidaita gaɓoɓi shi ne B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918 a ƙauyen Bellur da ke kudancin Indiya. Ya tashi yaro mai yawan laulayi, ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka. Yana matashi ya koma garin Mysore wurin mijin yayarsa, Krishnamacharya, wanda ya koya masa yoga. Daga baya ya zauna a garin Pune yana koyarwa. A 1966 ya fitar da littafinsa Light on Yoga, mai bayanin asana sama da 200 da hotuna kusan 600, a 1975 kuma ya buɗe cibiyarsa a Pune. Ya rasu a 2014 yana da shekara 95.

Ɗaliban da ke zuwa wurinsa ba duka ne matasa masu lafiya ba. Akwai tsofaffi, akwai marasa lafiya, akwai waɗanda jikinsu ya sandare. Sai ya riƙa amfani da guntun katako, ɗamara, bargo, kujera da bango, domin motsin ya dace da jikin da ke gabansa. 'Yarsa Geeta, wadda ta rasu a 2018, ta mayar da hankali ga jikin mace: lokacin al'ada, goyon ciki da bayan haihuwa. Yawancin gyare-gyaren da za ki karanta a ƙasa a irin wannan koyarwa aka fi jaddada su.

Wasu za su tambayi matsayin abin a addini, kuma tambaya ce mai kyau. Asalin yoga yana haɗe da addinan Indiya, musamman Hindu, kuma a wasu ajujuwa ana haɗa shi da karance-karancen bauta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana Musulmi yoga mai ɗauke da irin waɗannan abubuwa, amma ta bar wanda ake yi don motsa jiki zalla. Abin da ke cikin wannan rubutu tsoka ne da gaɓa da numfashi. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, ta tambayi malamin da ta amince da shi.

Ta fuskar asibiti kuwa, a 2017 Kwalejin Likitocin Amurka ta ba da shawarar cewa mai daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya ya fara gwada hanyoyin da ba na ƙwaya ba, ta kuma lissafa yoga a cikinsu. Sai dai amfanin yana ga yadda aka yi shi.

Tsayuwa: fara daga tafin ƙafa

Asana ta farko da ake koyarwa ita ce tadasana, wato tsayuwar dutse. Tsayuwa ce kawai, shi ya sa ake raina ta. Amma a nan ake koyon abin da zai yi amfani a duk sauran.

Cire takalmi ki tsaya. A bidiyoyi da yawa za ki ga an haɗe ƙafafu. Ke buɗe su daidai faɗin ƙugunki, musamman idan kina da ciki ko kina da jiki. Nan take tangal-tangal zai ragu. Sannan lura da wurare uku a kowane tafin ƙafa: diddige, gindin babban yatsa da gindin ƙaramin yatsa. Kamar murhu ne mai duwatsu uku, idan ɗaya ya gaza tukunya ta karkace. Ɗaga yatsun ƙafarki duka sama, ki ji waɗannan wurare uku sun danne ƙasa, sannan ki shimfiɗa yatsun a hankali ba tare da kin damƙe ƙasa da su ba. Za ki ji tsakiyar tafin ƙafar ya ɗan ɗago, cinyoyi sun farka.

Yanzu gwiwa. Mata da yawa suna tura gwiwa baya har ta kulle, su rataye nauyinsu a kan gaɓar. Sassauta ta kaɗan, yadda mai kallo ba zai ma gane kin lanƙwasa ba. Aikin zai tashi daga kan gaɓa ya koma kan tsoka.

Sai kai. Kan babban mutum ya kai kusan kilo 5, kuma duk lokacin da muka sunkuya kan waya, tsokokin wuya ne ke riƙe da shi a karkace. Idan aka ce a miƙe, yawancinmu haɓa muke ɗagawa, wanda ke ƙara matse ƙeya. Ja haɓar baya kaɗan, a kwance, har kunnuwa su zo saitin kafaɗu. Tuna yadda mai ɗauke da tulu a kan gammo take riƙe wuyanta, dogo kuma a miƙe. Za ki ji bayan wuya ya buɗe.

Sunkuyawa: lanƙwasa gwiwa ba gazawa ba ce

A nan mata suka fi jin ciwo. Ana kiran wannan asana uttanasana: mutum ya tsaya ya sunkuya, hannu ya nufi ƙasa. Kowa burinta ta taɓa yatsun ƙafa da gwiwa a miƙe.

Ga abin da ke faruwa a ciki. A bayan kowace cinya akwai tsokoki uku da suka taso daga ƙashin mazaunai, wanda kike ji idan kin zauna a kan benci, suka sauka har ƙasan gwiwa. Idan tsokokin nan sun ɗaure, kuma gwiwa tana miƙe, sai su riƙe ƙashin ƙugu su hana shi juyawa gaba. Ke kuma kin dage sai kin kai ƙasa, don haka jiki zai nemo lanƙwasar daga wani wuri, wato ƙasoshi biyar na ƙasan baya da faya-fayan guringuntsin da ke tsakaninsu. Hannu ya kai ƙasa, baya ne ya biya kuɗin.

Gyaran shi ne ki lanƙwasa gwiwoyi sosai tun kafin ki sunkuya. Sa yatsun hannu a lanƙwasar da ke tsakanin cinya da mara, ki tura mazaunai baya, ki naɗe jiki daga wannan wuri har ciki ya kusanci cinya. Idan ciki ya kwanta a kan cinya, to ki fara miƙe gwiwa kaɗan-kaɗan, ki tsaya daidai inda cikin ya fara rabuwa da cinyar. Nan ne iyakarki ta yau. Jan da kike ji ya kamata ya kasance a tsakiyar naman bayan cinya. Idan a ƙasan baya kike jinsa, ko a bayan gwiwa, ko can daidai ƙashin mazaunai, ƙara lanƙwasa gwiwar.

Idan ƙasa ta yi nisa, ɗora hannu a kan kujera 'yar tsugunno ko mazaunin kujerar cin abinci. Wajen tasowa, dafa cinyoyi ki taso a hankali, kai ya zama na ƙarshen ɗagowa, domin tashi farat ɗaya yana kawo jiri.

Wannan gyara ya wuce kan tabarma. Haka ya kamata a sunkuya wajen ɗaukar yaro daga ƙasa, ɗaga bokitin ruwa, ko shara da gajeriyar tsintsiya. Minti biyar kike yi a kan tabarma, amma sau nawa kike sunkuyawa daga asuba zuwa dare?

Zaman harɗe: ɗaga mazaunai

Mun saba zama a ƙasa, don haka sukhasana, wato zaman harɗe ƙafa, ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk da haka, gwada zama a miƙe na minti uku ba jingina. Da yawa za su ji baya ya gaji, kafaɗu sun zubo gaba, ƙafa ta fara sagewa.

Dubi gwiwoyinki. Idan sun fi ƙugunki tsawo, ƙashin ƙugu zai kife baya, gadon baya ya lanƙwashe kamar baka, tsokoki su yi ta kokawar miƙe ki. Ninke bargo ko babban tawul ya kai kaurin tafin hannu, ki zauna a bakin gefensa, mazaunai a sama, ƙafafu a ƙasa. Ƙara kauri har gwiwoyi su sauko daidai ƙugu ko ƙasa da shi kaɗan. Bayan zai miƙe da kansa, numfashi ya samu wurin sauka. Idan gwiwoyi suna rataye a iska har cinya na ja, cusa ƙaramin filo a ƙarƙashin kowace. Ki riƙa sauya ƙafar da ke gaba, kada kullum ɗaya ta riƙa shan matsi.

Mai shayarwa a zaune a ƙasa za ta amfana da wannan. Ki ɗaga mazaunai, ki ɗora jariri a kan filo ya taso zuwa nono, maimakon ke ki sunkuya masa.

Hannu a ƙasa: ceto wuyan hannu

Asanar da aka fi gani a hotuna ita ce wadda tafin hannu da ƙafa ke ƙasa, mazaunai a sama, jiki ya yi kamar rufin ɗaki. Sunanta adho mukha svanasana, ma'ana kare mai kallon ƙasa, saboda ta yi kama da miƙar da kare ke yi idan ya tashi daga barci. Ƙorafin da aka fi yi a kanta biyu ne: wuyan hannu yana zafi, diddige kuma ya ƙi taɓa ƙasa.

Wuyan hannu ƙananan ƙasoshi takwas ne, kuma ta cikin wani matsattsen rami a nan wata jijiya ke wucewa zuwa yatsu. Lokacin goyon ciki ruwa yakan taru ya matse wannan jijiya, shi ya sa wasu masu ciki ke jin yatsunsu na sagewa da dare. Bayan haihuwa kuma yawan ɗaga jariri yakan kumbura jijiyoyin gindin babban yatsa. Uwa tana zuwa kan tabarma ne da hannun da ya riga ya gaji.

Buɗe yatsu sosai, ki danna gindin manuniya da gindin babban yatsa a ƙasa, kan yatsun su ɗan kama tabarma. Nauyin da ya taru a gindin tafin hannu zai bazu. Juya damatsa waje kaɗan, yadda cikin gwiwoyin hannu za su kalli juna, sai ki ji kafaɗu sun nisanci kunne, wuya ya samu fili. Sannan lanƙwasa gwiwoyi ki tura ƙugu baya da sama. Nauyi zai bar hannu ya koma ƙafa. Diddige kuwa ƙyale shi a sama. Akwai waɗanda suka shekara suna yoga diddigensu bai taɓa ƙasa ba, saboda yanayin ƙashin idon sawunsu, kuma ba su rasa komai ba. Abin da ake nema dogon baya ne.

Idan har yanzu da zafi, dafa bango daidai tsayin ƙugu, ki ja da baya har gadon bayanki ya shimfiɗu kamar tebur. Miƙewar kafaɗa da baya duk za ki samu, ba tare da kin ɗora wa hannu kaya ba. A motsin da ake yi a rarrafe kuma, matsar da hannu gaban kafaɗa da faɗin tafi ɗaya yana rage lanƙwasar wuyan hannu.

Gamsheƙa: ƙasa-ƙasa ya fi

Bhujangasana ita ce kwanciya rub da ciki a ɗago ƙirji, kamar yadda gamsheƙa ke fasa kai. Kuskuren da aka saba shi ne a tura ƙasa da hannu har gwiwar hannu ta miƙe, a jefa kai baya. Duk lanƙwasar sai ta taru a wuri guda a ƙasan baya, a ji kamar an matse da filaya.

Kwanta, ki buɗe ƙafafu daidai faɗin ƙugu, ki danna bayan ƙafa da ƙashin mara a ƙasa. Tafin hannu a gefen ƙirji, gwiwoyin hannu a manne da haƙarƙari. Yi tunanin kina jan ƙirji gaba kafin ki ɗago shi. Idan kin ɗago, gwada ɗauke hannuwan daga ƙasa. Inda kika iya tsayawa ba hannu, nan ne tsokokin bayanki suka kai ki, ko da bai wuce faɗin tafi ba. Ido ya kalli tabarma a gabanki kaɗan, ba silin ba. A wannan tsayin za ki ji ɗumi a tsakanin allunan kafaɗa, wurin da goyo da kallon waya suka raunana. Mai ciki ba ta yin wannan, haka wadda aka yi wa tiyata ba da jimawa ba.

Tsayuwar jarumi: ina gwiwa ta dosa?

A virabhadrasana ana buɗe ƙafafu da faɗi, a lanƙwasa gwiwar gaba, a miƙe hannuwa. Sunkuyar da kai ki dubi gwiwar. Idan ta faɗa ciki wajen babban yatsa, cikin gaɓar ne ke ɗaukar murɗiya. Mayar da ita saitin yatsa na biyu, kuma ta tsaya a saman idon sawu. Da zarar kin yi haka za ki ji gefen mazaunai ya kama aiki, zafin gwiwa ya lafa. Idan ta ƙi tsayawa, rage faɗin takun. Gajeren taku da kika mallaka ya fi dogon da ke rinjayarki.

Numfashi ne ma'auni

Idan kika tsinci kanki kin riƙe numfashi, kin cije haƙora, ko kin ɗaure fuska, kin wuce iyaka. Ja baya kaɗan har numfashi ya dawo ta hanci a natse. Riƙe numfashi yayin yunƙuri yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, yana kuma tura nauyi ƙasa kan tsokokin da ke riƙe da mafitsara da mahaifa, waɗanda haihuwa ta riga ta sassauta.

Gwada wannan a kowace asana: shaƙa kina ƙirga huɗu, fitar kina ƙirga shida. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da ciki, kuma ta hanyarta bugun zuciya ke ɗan sassautawa duk lokacin da muke fitar da numfashi. Tsawaita fitarwar yana taimaka wa jiki ya saki. Ki lura, a fitar numfashi na uku ko na huɗu tsokar da ta ƙi bari takan yi laushi da kanta.

Hutun ƙarshe

Ana rufe yoga da savasana, kwanciya rigingine ba motsi. Mata da yawa suna jin ƙasan bayansu na ja a nan. Dalili shi ne wata tsoka da ta taso daga ƙasoshin ƙasan baya ta ratsa ƙugu zuwa cinya. Idan ƙafa ta miƙe, takan jawo bayan ya gantsare. Sa filo ko naɗaɗɗen bargo a ƙarƙashin gwiwoyi, za ki ji bayan ya sauka ƙasa. Idan haɓarki na kallon sama, sa siririn tawul a ƙarƙashin kai. Nisanta hannuwa daga jiki kaɗan, tafi yana kallon sama. Minti biyar ya isa.

Masu ciki, masu jego da masu hawan jini

A nan dole in yi magana da bakin ma'aikaciyar jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba mata masu ciki da masu jego waɗanda ba su da wata matsala shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Amma ki fara faɗa wa ungozoma ko likita a wurin awo.

Idan ciki ya kai kusan mako 20, kada ki daɗe kwance rigingine, domin nauyin mahaifa yakan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, ki ji jiri ko tashin zuciya. Kwanta ta gefen hagu da filo tsakanin gwiwoyi. Bar kwanciya rub da ciki da murɗa ciki mai tsanani. Sinadaran ciki suna sassauta jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi, don haka za ki iya jin jikinki ya yi laushi fiye da da. Kada wannan ya ruɗe ki, ki tsaya kafin ki kai ƙarshen miƙewa. Idan kika ga jini, ko ruwa ya zubo, ko mara ta kama ciwo mai zuwa yana dawowa, ko ƙirji ya yi zafi, tsaya ki tafi asibiti.

Bayan haihuwa, a bari a yi duban mako shida, wanda ya zo kusan daidai da arba'in. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likitanta. Ki kuma lura da cikinki: idan kin yunƙura daga kwance kika ga wani tudu ya taso a tsakiya, daga sama zuwa cibiya, alama ce tsokokin gaban ciki sun rabu, abin da ke samun mata da yawa. Duk motsin da ke fito da wannan tudu ki ajiye shi tukuna, ki riƙa mirginawa gefe kafin ki tashi daga gado, ki nemi ganin ma'aikatan sashen gashin ƙashi. Haka idan fitsari na zubowa yayin motsi ko tari. Yana da magani, kada kunya ta hana ki faɗa.

Mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai hawan jinin ido, su guji duk asanar da kai ke ƙasa da zuciya na tsawon lokaci. Nau'in dafa bango ko kujera ya wadatar. Iyayenmu da ƙashinsu ya yi rauni saboda shekaru su guji sunkuyawa da murɗa baya mai tsanani.

Akwai kuma ciwon bayan da ba na tabarma ba ne. Idan ya zo da mutuwar ƙafa, ko sagewa a tsakanin cinyoyi da matse-matsi, ko kasa riƙe fitsari da bahaya, a tafi asibiti a ranar. Idan ya zo da zazzaɓi ko rama ba dalili, shi ma a ga likita kafin komai.

Yadda za ki gwada

Hausawa sun ce jiki magayi, amma sai an koyi jin abin da yake faɗa. Jan da ke da amfani yana bazuwa a cikin naman tsoka, yana raguwa idan kin yi numfashi, kuma yana wucewa da zarar kin saki. Wanda ke da haɗari mai tsini ne, yana cikin gaɓa, ko yana harbawa zuwa ƙafa kamar wutar lantarki, ko ki ji kamar kiyashi na yawo a yatsu. Idan kin ji irin wannan, fita daga asanar a hankali.

Zaɓi wuri marar santsi. Tabarmar roba a kan tayil tana zamewa, gara kafet ko tabarmar yoga mai kama ƙasa. Cire safa. Kada ki yi da cikakken ciki, kuma a lokacin zafi safiya ta fi. Kayan taimako duk suna ɗakinki: bargo, filo, kujera, bango, da ɗankwali da za ki zarga a tafin ƙafa idan hannu bai kai ba.

Kada ki tara gyare-gyaren nan a rana ɗaya. Ɗauki asana guda. Yi ta yadda kika saba, ki yi numfashi biyar, ki lura inda kike jin ja. Sannan sauya abu ɗaya tak, ki sake numfashi biyar, ki kwatanta. Idan bidiyo ya yi miki sauri, dakatar da shi. Kuma gyaran da ya yi miki yau ba lalle ya yi gobe ba, domin jikin da ya kwana yana rarrashin yaro daban yake da wanda ya samu barci. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan za ki fara da ɗaya, fara da sunkuyawa. Gobe da safe, kafin ki ɗauki bokiti ko yaro, lanƙwasa gwiwa ki tura mazaunai baya, ki ji abin da bayanki zai ce. Waɗanda suka gwada, muna son jin wane gyara ne ya fi yi muku amfani, da wace asana ce har yanzu take ba ku wahala.